Me Ya Sa Jiragen 4, 5 da 6 Duk Kore Ne? Yadda Aka Zaɓi Launukan Taswirar Jirgin Ƙasa a New York



A watan da ya wuce an yi suna a gidan wani ɗan'uwanmu a nan Bronx, kusa da titin Jerome. Ɗaya daga cikin iyayenmu, dattijon da bai cika wata biyu da zuwa daga Kumasi ba, ya taso daga Harlem zai zo taya murna. Mu matasa ne muka ɗauki nauyin yi wa baƙi kwatance, sai ɗayanmu ya ce masa ta waya: "Baba, in kun shiga tashar 125 da ke titin Lexington, ku hau koren jirgi mai zuwa Bronx." Baba ya yi yadda aka ce masa. Ya ga kore, ya shiga. Sai dai wanda ya shiga mai lamba 6 ne, alhali mai lamba 4 ne ke bin titin Jerome. Yana ta jiran ya ji an ambaci tasharsa har jirgi ya tuƙe a Pelham Bay Park, can gabas, inda layin ya ƙare. Cajin wayarsa ya mutu, ga sanyi. Kafin mu gano inda yake, an raɗa suna, an raba goro, an watse.

Baba bai yi laifi ba, kwatancenmu ne ya gaza. Da muka zauna muna bitar abin, sai muka ga yawancinmu, har da waɗanda aka haifa a nan, muna shiga jirgi kullum amma ba mu san abin da launin yake faɗa ba. Shi ya sa muka bi diddigi muka rubuta wannan bayani. Gundarinsa shi ne: a New York launi yana nuna titin da jirgi zai bi ƙarƙashinsa a tsakiyar Manhattan. Unguwar da zai kai ka kuwa, lamba ko harafi ne ke nuna ta.

Itace da rassansa

Ku ɗauki taswirar kamar itace. Manhattan tsibiri ne dogo siriri, manyan titunansa sun miƙe daga kudu zuwa arewa, kuma ƙarƙashin wasu daga cikinsu aka haƙa manyan ramukan jirgi. Kowane rami shi ne kututture. Jirage biyu, uku ko huɗu sukan bi rami ɗaya su tafi tare, in sun bar tsakiyar gari sai su rabu kamar rassa, wannan ya nufi Bronx, wancan Queens, wani Brooklyn. Launin na kututturen ne, duk reshen da ya fito daga gare shi ya gaje shi. Ga yadda aka raba su:

- Ja: jiragen 1, 2 da 3, masu bin Titi na Bakwai.
- Kore: 4, 5 da 6, masu bin titin Lexington.
- Shuɗi: A, C da E, masu bin Titi na Takwas.
- Ruwan lemo: B, D, F da M, masu bin Titi na Shida.
- Rawaya: N, Q, R da W, masu bin Broadway.
- Ruwan ƙasa: J da Z, masu bin titin Nassau a kudancin Manhattan.
- Shunayya: jirgin 7, mai ratsa titin 42 zuwa Flushing a Queens.
- Ruwan toka: jirgin L, mai ratsa titin 14 zuwa Brooklyn.
- Tsanwa: jirgin G, wanda ba ya shiga Manhattan sam, tsakanin Brooklyn da Queens yake zirga-zirga.
- Toka mai duhu: jiragen S, masu gajeriyar tafiya tsakanin 'yan tashoshi.

Mu da ke Bronx a kan rassa muke zaune, shi ya sa launi ya fi ruɗa mu. Kore uku ne ke shigowa Bronx: 4 ya bi titin Jerome zuwa Woodlawn, 5 ya nufi Dyre Avenue, 6 ya yi gabas zuwa Pelham Bay Park. A tashar 125 ta Lexington duk ukun a dakali ɗaya ake jiransu. Cikin jajaye, 1 yana ƙarewa a Van Cortlandt Park, 2 a Wakefield, shi kuwa 3 ba ya ƙetarowa Bronx, a titin 148 na Harlem yake tsayawa. Kama da wane ba ta wane.

Akwai kuma kishiyar haka. Jirgin 2 da na 5 dogo ɗaya suke bi tun daga tashar 149 ta Grand Concourse har East 180, amma ɗaya ja ne ɗaya kore, domin in sun shiga Manhattan 2 yamma yake yi, 5 gabas. Haka B da D: daga Harlem tare suke gangarawa da A da C ta gefen Central Park har tashar 59, amma ba su zama shuɗi ba, domin daga nan sukan karkata zuwa Titi na Shida.

Yadda aka kai ga wannan tsari

Ba a tashi da wannan dabara ba. Sau biyu ana gwada wata hanya tana gazawa kafin a tsaya a kanta.

An buɗe layin farko na ƙarƙashin ƙasa a New York ranar 27 ga Oktoba, 1904, a hannun kamfanin IRT. Daga baya aka samu kamfanin BMT, sannan a 1932 gwamnatin birni ta buɗe nata layukan da ake kira IND. Masu jirgi uku ke nan, kowa da dogonsa. A 1940 birnin ya haɗe su duka a hannunsa, amma alamar rabuwar tana nan har yau: jiragen da ke da lamba na tsohon IRT ne, taragunsu sun fi ƙanƙanta a faɗi, masu harafi kuwa na BMT da IND ne.

Hanya ta farko ita ce launi bisa kamfani. Taswirorin wancan zamani launi uku suke amfani da shi, ɗaya na IRT, ɗaya na BMT, ɗaya na IND. Wannan ya gaya wa fasinja asalin mai dogon, amma bai gaya masa wane jirgi ne ke zuwa ina ba. A watan Nuwamba na 1967 aka buɗe wata mahaɗa a ƙarƙashin titin Chrystie wadda ta haɗa dogon BMT da na IND, jirgi ɗaya ya koma yana farawa a dogon wannan ya ƙare a na wancan. Launin kamfani ya rasa ma'ana.

Hanya ta biyu ita ce kowane jirgi da launinsa. Tun a 1964 hukumar sufuri ta shirya gasar gyara taswira, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka ci, wani lauya mai suna Raleigh D'Adamo, shi ya kawo shawarar a bai wa hanyar kowane jirgi launi. An fara aiki da haka a 1967. A 1972 wani ƙwararren mai zane ɗan Italiya, Massimo Vignelli, ya fito da taswirar da ta yi suna a duniya: kowane jirgi da zirinsa, layuka a miƙe, ɗigo a duk tashar da jirgi ke tsayawa. Masu zane sun yaba, amma fasinjoji da yawa sun koka. Ruwan da ya kewaye Manhattan an yi masa launin ƙasa maimakon shuɗi. Central Park, wanda tsawonsa ya ninka faɗinsa sau da yawa, an zana shi kusan murabba'i. Mutum ya fito daga rami ya kasa haɗa abin da ke takarda da abin da ke gabansa.

Babbar matsalar kuwa ta ƙidaya ce. Jirage sun fi ashirin, launukan da ido ke rarrabewa da kallo ɗaya ba su kai haka ba. Dole aka riƙa maimaita launi, sai ka ga jirage biyu da ba abin da ya haɗa su suna da launi iri ɗaya, su kuma 4, 5 da 6 da ke rami ɗaya kowa da nasa daban. Tsakiyar Manhattan a taswira ta zama kamar zaren saƙa da aka hargitsa.

Hanya ta uku ita ce ta yau. Wani kwamiti na hukumar MTA a ƙarƙashin John Tauranac, tare da kamfanin zane na Michael Hertz, ya fito da sabuwar taswira a 1979. Ruwa ya koma shuɗi, tituna da unguwanni suka bayyana, aka tattara jirage bisa kututture. Launuka goma suka wadatar. In aka kwatanta tsohuwar taswira da sabuwa, za a ga wasu manyan jirage sun riƙe launinsu na da, 'yan raminsu suka bi su: A shuɗi ne tun 1967, D ruwan lemo, N rawaya, 2 ja. Su kuwa 4, 5 da 6 sabon launi aka ba su gaba ɗaya, wato kore.

A watan Afrilu na 2025 hukumar ta sake fasalin taswirar, ta koma salo mai kama da na Vignelli, inda kowane jirgi yake da zirinsa. Amma launukan 1979 ba a taɓa su ba. Waɗanda suka ga sabuwar taswira a cikin taragu za su lura koren ziri uku ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa a titin Lexington, sannan su rabu a Bronx.

Launi yana bin hanya

Abin da ya fi nuna yadda ƙa'idar ke aiki shi ne labarin jirgin M. Kafin 2010 ruwan ƙasa ne, domin titin Nassau yake bi tare da J da Z. A watan Yunin 2010 aka sauya masa hanya zuwa Titi na Shida, nan take ya koma ruwan lemo. Harafin bai canza ba, ramin ne ya canza, launi ya bi shi.

Jirgin Q kuma, tun ranar 1 ga Janairu, 2017 yake shiga sababbin tashoshin Titi na Biyu, wato 72, 86 da 96, amma yana nan rawaya, domin a tsakiyar gari Broadway yake bi. An riga an ware wani launi, shuɗi mai shigen kore, ga jirgin T da ake shirin ya bi Titi na Biyu in an kammala aikin.

Abin da masu zaɓen launi ke dubawa

Na farko, a iya kiran launin da suna. Kowa ya san ja da kore da rawaya. Launin da sai an yi dogon bayani ba shi da amfani ga mai sauri. Shi ya sa manyan launuka suka tafi ga ramukan da suka fi jama'a, toka da ruwan ƙasa suka tafi ga masu jirgi ɗaya ko biyu.

Na biyu, kada maƙwabta su yi kama. Koren Lexington da tsanwar G 'yan gida ɗaya ne, amma ɗaya a Manhattan ya fi aiki, ɗayan ba ya shiga can.

Na uku, rubutu ya fito a kan launin, ko a tasha mai ƙarancin haske. Ku duba da kyau: haruffan N, Q, R da W baƙaƙe ne, domin fari ba ya fitowa a kan rawaya. Sauran farare ne.

Na huɗu, akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe ja da kore sosai, kuma abin ya fi yawa ga maza. Wasu ma ba su san suna da shi ba. Ga irin wannan mutum, 2 da 5 da ke zuwa dakali ɗaya a Bronx kusan launi ɗaya ne. Wannan na cikin dalilan da ba a barin launi shi kaɗai, kullum da lamba ko harafi a tsakiyarsa.

Na biyar, sabo da kuɗi. Birnin na da tashoshi 472. Sauya launi ɗaya na nufin sauya alluna a tashoshi da jirage, da koya wa miliyoyin mutane sabon abu. Shi ya sa in launi ya zauna ba a cika taɓa shi ba.

A wasu garuruwa launi suna ne

Wani abin da ke ƙara ruɗani shi ne 'yan'uwanmu da ke zuwa daga wasu birane, inda faɗin launi kaɗai yakan isa, ko ya kusa isa. A Boston, Chicago da Washington da launi ake kiran layi. A Boston an raba launukan a 1965, kuma kowanne da dalilin da ake bayarwa. Ja don jami'ar Harvard, wadda launinta ja ne mai duhu, kuma a lokacin can layin yake ƙarewa. Shuɗi don layin na bi ta ƙarƙashin ruwan tashar jiragen ruwa. Kore don yana bin gefen lambunan shaƙatawa na birnin. Ruwan lemo don wani sashen titin da layin ke bi a da sunansa Orange, wato lemo. A Chicago, da za a buɗe sabon layi a 2006, gasa aka shirya wa 'yan makaranta, ruwan hoda ya ci.

A Landan kowane layi da sunansa da launinsa, kuma salon taswirar ya samo asali ne daga zanen Harry Beck na 1933. Layin Jubilee, da aka buɗe a 1979, an sa masa suna don cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a kan mulki a 1977, bikin da Turawa ke dangantawa da azurfa, launinsa kuma toka ne mai kama da azurfa. A birnin Mexico, da aka buɗe jirgin a 1969, an ƙara wa kowace tasha hoto nata, kamar fara a tashar Chapultepec, yadda ko wanda bai yi karatu ba zai gane inda zai sauka.

To, wanda ya saba da Boston ko Landan in ya zo nan sai ya zaci kore jirgi ɗaya ne. New York ta bambanta ne domin jiragenta suna haɗuwa suna rabuwa a dogo ɗaya fiye da na yawancin birane.

Yadda za mu riƙa yi wa juna kwatance

A Accra ba wanda ke shiga trotro don fentin motar. Sai ka saurari yaron mota, Circle yake kira, ko Kaneshie, ko Madina. Haka za mu yi da jirgi. Ga abin da muka yarda a tsakaninmu, muna kuma roƙon kowa ya bi:

1. A fara da lamba ko harafi, launi ya biyo baya. A ce: "Hajiya, ku shiga mai lamba 4, kore ne, amma ku tabbata 4 aka rubuta."
2. A faɗi inda jirgin ke ƙarewa, domin shi ake rubutawa a jikinsa. Mai zuwa Bronx ya bi allon da ke cewa Uptown & The Bronx. Ko harafi ma wani lokaci bai isa ba: mai zuwa filin jirgin sama na JFK da jirgin A sai ya shiga wanda aka rubuta Far Rockaway ya sauka Howard Beach, domin mai zuwa Lefferts Boulevard ba ya bi ta nan.
3. A faɗi sunan tasha tare da jirginta. Fordham Road biyu ce, ta jirgin 4 a titin Jerome, ta B da D a Grand Concourse. Haka 167 da 170. A Manhattan tashoshi huɗu ne ke ɗauke da lamba 116, kowacce a layi daban.
4. A duba siffar alamar. In 6 ko 7 na cikin da'ira, yana tsayawa kowace tasha. In yana cikin siffar daiman, zai tsallake wasu.
5. A tuna dare da ƙarshen mako. Jirgin B ba ya aiki Asabar da Lahadi, kuma tsakar dare 5 ba ya shiga Manhattan. Ranar biki a duba sanarwa kafin a yi kwatance.
6. A rubuta wa baƙo komai a takarda, da lambar wayar wanda zai kira, kada a dogara da caji. In ya yi shakka ya tsaya tsakiyar dakali, wajen wani dogon allo mai zanen baƙi da fari da ke rataye a sama. Daidai nan tagar kwandasta ke tsayawa, ya nuna masa takardar. Matambayi ba ya ɓata.

Matasa, wanda ke da baƙo a gida ya ware rana ɗaya ya shiga jirgi da shi, ya nuna masa alamun nan da yatsa. Iyayenmu, ku yi haƙuri da mu, in kwatancenmu bai cika ba ku tsayar da mu ku tambaya.

Mun je mun ba Baba haƙuri, ya yi dariya ya ce ai ya ga gari kyauta. Makon jiya wani yaro ya ce masa ya hau kore, sai Baba ya dube shi ya ce: "Wane koren, ɗana? Huɗu, biyar ko shida?"

Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.